Kyaftin ɗin da Ba a Ba Kumbo Ba

Ranar Lahadi ce ranar Baleyara. Tun da jijjifi hanyoyin da suka ratso Dallol Boso suke cika da amalanke da jakuna da garken shanu. Buzaye na janye da raƙuma, Fulani na kore da tumaki, dillalai da mahautan Yamai kuwa, waɗanda suka yi tafiyar kilomita kusan 100, suna zagaya kara suna taya abin da ba su da niyyar saya don su ji bakin kasuwa. Wanda ya tsaya wuri ɗaya na ɗan lokaci zai ji an yi tayi da Zabarmanci, an yi rantsuwa da Hausa, an yi ƙorafi da Buzanci, an sallama da Fulatanci. Sai la'asar sakaliya ƙura take kwantawa. A lokacin ne wasu malaman makaranta, masu aiki da waɗanda suka yi ritaya, sukan shimfiɗa tabarmi a ƙofar gidan ɗayansu, a ɗora butar shayi bisa gawayi, a buɗe fada.

A cikinsu akwai wani dattijo siriri mai furfura a gemu, wanda kowa a garin yake kira Mushe, kamar yadda ake kiran kowane malamin boko a Nijar, sai dai shi sunan ya bi shi har bayan ya ajiye alli. An san shi da abu uku: ba ya makara, ba ya cin bashi, kuma ba a zama da shi a tashi bai kawo zancen Kyaftin Worf ba. Biyun farko sun jawo masa girma. Na ukun ya jawo masa dariya fiye da shekara goma, kuma babban mai yi masa ita shi ne taubashinsa, ɗan kawunsa, wanda ya daɗe yana riƙe da wata makarantar firamare har ake ce masa Darakta. Shi ne yakan ce sunan Mushe ya dace da mai shi ta fuska biyu, domin mutumin da yake zaune a Baleyara yana kare haƙƙin wani mai tudun goshi a sararin samaniya, ai ba a lissafa shi cikin masu rai.

Ga asalin zancen, ga wanda bai san shi ba. A 1966 gidan telebijin na NBC a Amurka ya fara nuna wani ƙagaggen labarin kimiyya mai suna Star Trek, wanda Gene Roddenberry ya ƙirƙiro. Labari ne na wani kumbo da ma'aikatansa, suna yawo tsakanin taurari a wani zamani mai zuwa da ƴan Adam suka daina yaƙar juna, suka haɗa kai da halittun wasu duniyoyi cikin Tarayya guda. Shirin ya tsaya a 1969, amma ya riga ya yi saiwa a zukatan masu kallo. A 1987 aka dawo da shi da sababbin ƴan wasa, aka yi ta nunawa har 1994, kuma a wannan zubi na biyu ne aka ga Worf. Shi ɗan wata al'umma ce ta mayaƙa da ake kira Klingon, waɗanda suke ɗaukar mutunci sama da rai. Yana ƙaramin yaro abokan gaba suka afka wa sansanin da iyayensa suke, suka hallaka su. Wani ma'aikacin jirgin Tarayya, ɗan Adam, ya tsince shi cikin kango, shi da matarsa suka rene shi kamar ɗan cikinsu, har ya girma ya zama ɗan Klingon na farko da ya sa kakin rundunar Tarayya.

Wanda ya fito a matsayin Worf shi ne Michael Dorn, baƙar fata Ba'amurke da aka haifa a jihar Texas a 1952. Ya yi shekara bakwai a wancan shiri, ya ƙara huɗu daga 1995 zuwa 1999 a wani reshensa mai suna Deep Space Nine, ya kuma fito a finafinai huɗu na silima tsakanin 1994 da 2002 da wannan fuska. A duk tarihin Star Trek babu ɗan wasan da ya kai shi yawan bayyana a matsayin mutum guda. A 2012 ya fara faɗa a fili cewa yana son a yi wani sabon reshe wanda Worf zai zama kyaftin, har ya rubuta labarin kashin farko da hannunsa. Abin da ya tsara shi ne a bar jirgin Tarayya a koma cikin daular Klingon kanta, a lokacin da ta gane cewa in ba ta sake hali ta buɗe ƙofa ga baƙi ba, to ƙarshenta ya zo, sai a ga Worf, ɗan gida kuma baƙo, yana riƙe da kumbo a tsakiyar wannan sauyi. Wannan shirin da ba a yi ba shi ne Mushe ya ɗauka ya aza a ka.

Ba a gane dalilinsa sai an san inda ya fito. A wani ƙauye na ƙasar Kurfai aka haife shi, ba nisa da Filinge. Mahaifinsa Bakurfaye ne mai magana da Hausa, mahaifiyarsa Bazabarma ce daga wajen Baleyara. Yana da shekara bakwai aka rubuta shi lakwal ba da son mahaifinsa ba, a zamanin da ake rataya wa yaro wani abin kunya a wuya in an kama shi yana magana da harshen uwarsa a harabar makaranta, ya yi ta yawo da shi har sai ya kama wani. Daga nan ya wuce Yamai, ya zauna gidan mutanen da ba danginsa ba, waɗanda suka riƙe shi da alheri. In ya zo hutu hannunsa yakan yi kanta tun kafin hantsi in ya riƙe hauya, ƴanuwansa kuma suna kiransa Annasaran gida. Abin ya ci masa rai, sai ya sayi littafin rubutu ya shiga bin tsofaffi yana tattara karin magana da kirari da salsalar gidaje. Kafin ya kai shekara talatin ya fi kowa a ƙauyen sanin al'adar ƙauyen, amma a takarda. Wata rana a wurin suna ya gyara wa wani tsoho karin maganar da ya faɗa ba daidai ba. Taron ya yi tsit, sannan aka bushe da dariya, tsohon ya dafa kafaɗarsa ya ce: "Yaro, kai ka haddace ta, mu kuwa cikinta aka haife mu."

A ƙarshen shekarun 1990 wani tsohon ɗalibinsa da ya tafi karatu Faransa ya aiko masa da kwali cike da kaset na bidiyo, waɗanda ya naɗa daga telebijin, muryoyin duka da Faransanci. Mushe yakan ɗauki ɗaya ya tafi gidan wani ɗan kasuwa mai injin wuta, a kalla bayan isha'i. Da farko kumbon da taurarin ne suka ja hankalinsa. Sannu a hankali idonsa ya koma kan mutumin nan da ke tsaye a bayan kujerar kyaftin, wanda ba ya dariya. Ya lura cewa sauran ƴan Klingon, in sun bayyana, suna shewa suna shaye-shaye, suna karya dokokin mutuncin da suke kirari da su in ta kama, Worf kaɗai ne yake riƙe da kowace ƙa'ida kamar wanda ya koya daga littafi, domin daga littafi ya koya. Sai ga wani kashi da aka nuna shi gaban majalisar ƙasarsu, an ɗora wa mahaifinsa marigayi laifin cin amana da bai aikata ba. Worf ya san gaskiya, manyan majalisar sun sani, amma fitar da ita zai jefa ƙasar cikin yaƙin basasa, sai ya karɓi wulaƙancin, suka juya masa baya ɗaya bayan ɗaya. Mushe bai yi barci ba a daren nan. Da safe ya ce wa matarsa ya ga ɗan lakwal a cikin taurari.

Saboda haka da labarin shirin Dorn ya iso gare shi, ta wayar wani matashin malami, bai ɗauke shi zancen nishaɗi ba. Darakta kuwa ya ga abin tsokana ya faɗo masa daga sama.

Sukar farko ita ce ta yunwa. "Ɗan mace," in ji Darakta, "mutumin nan naka fa aiki yake nema. Kasuwa ta watse, tsufa ya ƙwanƙwasa ƙofa, shi ne yake son a sake kafa masa rumfa."

"To, Taubashi, sai me?" in ji Mushe. "Wa ya taɓa zargin maƙeri don ya ce a kawo ƙarfe? Kai da ka yi shekara da shekaru kana karɓar albashi, ƙarya ka koya wa yara? A duba abin da ya kawo, in mai kyau ne a saya, in marar kyau ne a bar masa. Mutumin nan ya yi shekara goma sha ɗaya yana zama tun asuba ana liƙa masa goshi na sa'o'i kafin a fara ɗauka. Marubuta sun zo sun tafi, shi yana nan. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo."

Suka ta biyu ta fi ta farko nauyi, domin ta shafi sana'ar labari. Darakta ya ce Worf gishiri ne, kuma ba a tuƙa tuwo da gishiri. Daɗinsa yana fitowa ne don yana gefen wasu, in aka ba shi tukunya duka sai ta ƙi ciyuwa. A nan Mushe yakan gyara zama, don ya san ya zo gonarsa. Yakan tambayi ƴan fada wanda suka fi tunawa a cikin Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, wanda aka buga a 1934: Alhaji Imam mai neman ruwan, ko Malam Zurƙe da yake ɓullo masa a gari bayan gari suna rama wa juna mugunta? Kowa yakan ce Zurƙe. Sai ya ce to, da Imam ya zauna ya rubuta littafin Zurƙe shi kaɗai, ya faɗi inda yake kwana da abin da yake tunani in ba Alhaji a kusa, wa zai ƙi karantawa? Yakan kawo Rabilu Musa Ibro, wanda ya rasu a 2014, ya ce ga mutumin da masu raini suke ɗauka ɗan cike gurbi ne mai ba da dariya, amma sunansa kaɗai ya sayar da finafinai bila adadin daga Kano har Agadas. A ganinsa, wanda aka ajiye a gefe shi ya fi ganin fili, domin ba shi ake kallo ba, shi yake kallo. Yakan ƙara da cewa duk wanda ya bi shirin ya san yadda ake yi da Worf: ya ba da shawara, kyaftin ya ce a'a, in an so a nuna ƙarfin sabon abokin gaba, shi ake fara makawa da ƙasa. Malaman fada sukan yi dariya a nan, irin ta wanda aka taɓa masa miki, domin babu ɗayansu da bai taɓa ba da shawara a gaban sufeton makarantu aka gode masa aka wuce ba.

Suka ta uku Darakta bai yi ta da wasa ba. Ya ce abin da ya dame shi shi ne, an ɗauki baƙin mutum an rufe masa fuska da roba, an ba shi haƙora da gurnani, an ce shi ne mai zafin kai da ake lallashi. Ya tuna wa fada cewa tun bayyanarsu ta farko a 1967, ƴan Klingon Turawa ne da aka shafa wa duhu a fuska don su zama abin tsoro. "Wannan kake so a ƙara, ɗan mace? Ba su gaji da nuna mu haka ba?"

Mushe ya daɗe bai amsa wannan ba. Da ya tashi amsawa, sai ya fara da sallamawa. Ya ce Taubashi ya yi gaskiya game da asali, kuma in don a ga baƙar fata a kujerar shugabanci ne, an riga an gani: Avery Brooks ya jagoranci Deep Space Nine tun 1993 da fuskarsa da Allah ya ba shi. Ya ce shi hujjarsa ba ta launi ba ce, ta wurin tsayuwar mai ɗaukar hoto ce. A duk shekarun nan ana tsaye ne a cikin jirgin Tarayya ana leƙen ƴan Klingon ta taga, ana fassara su, ana yi musu uzuri ko hukunci. Ya ce mutanen Kurfai sun san wannan leƙe. A wajen 1925 aka fara abin da ake kira Hauka ko Babule a ƙasarsu, ta hannun wata mace mai suna Shibo daga Shikal, inda masu bori suka shiga kwaikwayon sojoji da manyan Nasara, hukumar mulkin mallaka ta kama su ta tsare. Kusan duk abin da duniya ta sani game da su ta same shi ne daga rahoton kwamanda da kuma fim ɗin da Jean Rouch ya ɗauka a Ankara ta ƙasar Gana, wanda ya fito a 1955. Ko mutum yana ƙin bori ko yana ganin tarihi ne kawai, in ji Mushe, dole ya yarda cewa ba a taɓa jin labarin daga bakin masu shi ba. Abin da Dorn ya nema shi ne a ɗauke na'urar daga taga a shigar da ita tsakar gida. Dodo ba ya zama dodo in an zauna a ɗakinsa an ga yana jayayya da ƙanensa kan gado.

Daga nan ne yakan kai ga abin da yake ci masa tuwo a ƙwarya, wato dawowa. Ya ce labarin ɗan lakwal kashi biyu ne, tafiya da dawowa, kuma na farkon kaɗai ake ba da shi da daɗi. Finafinan Nijar na farko sun taɓa na biyun, amma da ɗaci. A 1966, shekarar da aka fara Star Trek, Moustapha Alassane ya yi fim a kan wani saurayi da ya dawo daga Amurka da akwati cike da kayan kaboyi, ya raba wa abokansa, suka hau dawaki suka addabi garinsu. Bayan ƴan shekaru Oumarou Ganda ya yi Cabascabo, labarin tsohon soja da ya dawo daga yaƙin Indocin, abokan cin mushe suka cinye kuɗinsa suka watse. A ɗaya mai dawowa ya zama annoba, a ɗaya ya zama abin tausayi. Mushe ya ce yana jiran labari na uku, wanda mai dawowa zai zo da abin da ya koyo ba tare da ya raina gida ba, gida kuma ya karɓa ba tare da ya rushe ba, kowane ɓangare ya bar wani abu da yake ƙauna. Ya ce wannan shi ne aikin da aka ɗora wa kowane malami a ƙasar nan tun ranar da aka ba shi alli, ba tare da an taɓa nuna masa yadda ake yi ba. "Duk wanda yake zaune bisa tabarmar nan Worf ne," in ji shi, "har da kai, Taubashi, goshin ne kawai ba a liƙa maka ba."

Duniya dai ba ta bi ra'ayin Mushe ba. A 2015 masoyan Worf a Amurka suka yi gangami, har suna aika ƙananan kek zuwa ofishin kamfanin CBS mai mallakar shirin don a ji kukansu. A ƙarshen shekarar kamfanin ya ba da sanarwar sabon Star Trek, amma ba na Dorn ba. Shi ne Discovery, wanda ya fara a 2017 ya ƙare a 2024. A 2023 Dorn ya sake sa goshin a zango na uku na shirin Picard, aka ga Worf da farin gashi, yana cewa yanzu ya fi son zaman lafiya, har yana tayin shayi, amma dai a gefen labarin wani yake, yana taimakon tsofaffin abokan aikinsa. Kumbon da ya nema ba a ba shi ba har yau. Darakta ya zo fada da goro ya raba, ya ce sadakar arba'in ce ta Kyaftin. Mushe ya karɓi nasa ya ci. Ya yarda cewa mai yiwuwa da an yi shirin ya fito ba daɗi, domin tsakanin niyya da aiki akwai kogi, kuma ɗan wasa nagari ba lalle ne ya zama marubuci nagari ba. Abin da bai yarda da shi ba shi ne a ce tambayar da shirin ya ɗauko ta mutu don masu kuɗi ba su saya ba.

A cikin waɗannan shekaru kuma ƙasar da suke zaune ta sake kama. Tashin hankalin da ya dabaibaye jahar Tilaberi ya rufe ɗaruruwan makarantu, ƙauyuka suka watse, iyalai daga arewa suka gangaro garuruwan da ke bakin hanya, Baleyara na cikinsu. Malamai da yawa da suke zuwa fada sun bar wuraren aikinsu da dare, ba su ɗauko ko littafin kiran suna ba. A wata Lahadi Darakta ya yi suka ta huɗu, muryarsa ƙasa-ƙasa, ba ɗan mace ba tsokana. Ya ce: "Malam, yaran da ke kwana a rumfar zana, waɗanda suka ga abin da suka gani, me taurari za su yi musu?"

Ba wanda ya yi dariya. Mushe ya ce ba za su ba su hatsi ba, kuma duk wanda ya ce labari yana maganin yunwa maƙaryaci ne. Amma ya ce akwai wani abin da ake ƙwace wa yaro in an kore shi daga garinsu, wanda ba ya cikin lissafin masu rabon agaji, shi ne gobe. Ya kawo Mae Jemison, baƙar mace ta farko da ta je sararin samaniya a 1992, wadda ta sha faɗin cewa ganin Nichelle Nichols a cikin Star Trek tana yarinya ya sa ta ga wurin zamanta a can. Ya kawo Cheick Modibo Diarra, ɗan Mali maƙwabciya, sa'an Dorn a haihuwa, wanda ya yi aiki a hukumar NASA cikin ayarin da ya kai na'urar Pathfinder duniyar Mars a 1997. Sannan ya ce kada a ɗauka kallon sama baƙon abu ne a harshen nan. A 1969, shekarar da aka sauka a wata, Umaru Dembo ya fitar da Tauraruwa Mai Wutsiya a Zariya, labarin yaron da wani baƙo daga sama ya ɗauka yawo a sararin samaniya. Mamman Shata ya yi wa kumbon Apolo waƙa. Har ciwon idon da ya bazu a shekarar, Apolo aka sa masa. A nan Nijar Boubou Hama ya fitar da littafi a 1973 wanda sunansa kaɗai yake haɗa jiya da gobe. An buɗe ƙofar tun tuni, in ji shi, masu shiga ne suka yi ƙaranci, sai aka bar adabin da sarakunan da da soyayyar yau, gobe kuwa aka bar wa masu wasu harsuna su tsara, su ajiye kowa inda suka ga dama.

Da dokar ƙasa ta 2025 ta ɗaga Hausa ta zama harshen ƙasa a Nijar, ƙungiyar al'adu ta malaman garin ta zauna don ta ga abin da za ta yi. Aka kawo shawarar tattara karin magana, da tatsuniyoyi, da kirarin sarauta. Mushe, wanda ya ba da ƙuruciyarsa ga wannan aiki, ya ce a yi, amma kada a tsaya nan. Ya tuna musu cewa harshen Klingon wani masani ne mai suna Marc Okrand ya ƙera shi, aka buga ƙamusunsa a 1985, har aka fassara Hamlet na Shakespeare a cikinsa. Harshen da ba uwar da ta taɓa rarrashin jariri da shi yana da kalmomin tuƙa kumbo, Hausa kuwa mai dubban dubban masu magana ana ta shirya mata ɗakin ajiya. Aka gode masa, aka wuce. Shawarar karin magana ce ta yi rinjaye.

Bai yi fushi ba, ya saba. Yana da wasu yara kimanin ashirin, ƴan gudun hijira, da yake koya wa karatu kyauta ranar Asabar a wata rumfar zana. Ya raba musu takarda ya ce kowa ya rubuta da Hausa yadda garinsu zai kasance bayan shekara ɗari. Yawancinsu sun daɗe suna kallon takardar. Wasu suka rubuta Baleyara ta yau, suka ƙara mata famfo da wutar lantarki. Wani yaro ya rubuta layi ɗaya tak, cewa a lokacin in an ji ƙarar babur da dare ba wanda zai tashi. Wata yarinya mai shekara goma sha biyu ta cika shafi biyu. Ta ce ita ce direbar kumbon da ke kai raguna kasuwar wata ranar Lahadi, kuma ta yi shekara goma ba ta zo gida ba. Da ta sauka a bayan ƙauyensu, wanda aka sake ginawa, ta zo da wata na'ura mai jawo ruwa daga iska. Kakarta ta tsaya a bakin zaure ta hana ta shiga, ta ce sai ta fara faɗin sunayen kakanninta bakwai, in ta manta ko ɗaya to ta koma inda ta fito da na'urarta. Yarinyar ta faɗi shida. A nan takarda ta ƙare.

Washegari bayan an tashi kasuwa Mushe ya kawo takardun fada, bai ce komai ba, ya miƙa wa taubashinsa. Darakta ya sa tabarau, ya zaro jan alƙalami daga aljihu bisa al'ada, ya bi na yaron nan mai layi ɗaya bai taɓa shi ba. Da ya zo kan na yarinyar ya gyara ƙugiyar wasu haruffa, ya raba kalmomi biyu da ta haɗe, ya juya takardar ya ga bayanta ba komai. Ya sake juyawa.

"Ɗan mace," in ji shi, "ina sauran? Ta tuna na bakwan ko ba ta tuna ba?"

Mushe ya ɗaga buta sama ya tsiyaya shayi na biyu cikin ƙaramin kofi har ya yi kumfa, ya miƙa masa, ya ce takarda ce ta ƙare mata, kuma a cikinsu biyu Darakta ne yake da maɓallin ɗakin da ake ajiye littattafan rubutu.